Kuɗin ritaya na ƴan uwanmu a Amurka: za a iya sayen fili ko gida da su a nan?

 Akwai tambayar da ke yawan zuwa mana daga ƴan uwanmu mazauna Amurka, musamman na New York da Greensboro, inda ƴan Nijar ke da yawa. Mutum ya shekara goma ko ashirin yana aiki a masana'anta ko asibiti, ya tara wani abu a asusun ritaya, sai ya ji an ce zai iya kwashe kuɗin daga kasuwar hannun jari ya zuba a fili, ko gida, ko zinariya. A nan gida kuma iyaye da ƙanne suna cewa, tunda kuɗin na nan ajiye, me zai hana a gina wa tsoho ɗaki da su? Maganar tana da tarko a cikinta, shi ya sa muka ga ya dace mu warware ta dalla-dalla.

Kafin mu shiga, duk inda muka ce dala a nan, dalar Amurka muke nufi, ba dalarmu ta kasuwa ba.

A nan Nijar, ma'aikacin kamfani ana yankar masa wani kaso na albashi ana zubawa a CNSS, in ya tsufa a riƙa biyansa. A Amurka ma akwai fanshon gwamnati, amma bayan shi akwai asusun da mutum ke tara wa kansa. Na wurin aiki shi ake kira 401k. Wanda mutum ke buɗewa da kansa kuma sunansa IRA, dokar shekarar 1974 ce ta kafa shi. A 2025 abin da aka yarda mutum ya zuba a IRA a shekara shi ne dala 7,000, wato wajen miliyan 4 na sefa, wanda ya kai shekara 50 kuma dala 8,000. Gwamnati ta ɗaga wa kuɗin ƙafa wajen haraji bisa sharaɗi ɗaya: na tsufa ne. Wanda ya ɗiba kafin ya kai shekara 59 da rabi, yawanci zai biya haraji, a kuma ci shi tarar kashi 10 cikin 100.

Galibin waɗannan asusun a hannun jarin kamfanoni da takardun bashi ake juya su. To amma akwai wani nau'i da can suke kira self-directed IRA, wato asusun da mai shi ne ke zaɓar abin da za a saya. Da shi ana iya sayen fili, gidan haya, gona, hannu a ƙaramin kamfani, ko zinariya. Wanda ya bar wurin aiki yana iya maido kuɗinsa na 401k cikin irin wannan asusu ba tare da an caje shi haraji ba, muddin an bi ƙa'idar canjin.

Me ya sa maganar ta yi tashe yanzu? Tsoro ne. A watan Yuni na 2022 hauhawar farashi a Amurka ta kai kashi 9.1 cikin 100, abin da aka shekara arba'in ba a gani ba. A shekarar kuma babban ma'aunin kasuwar hannun jari, S&P 500, ya faɗi da wajen kashi 19 cikin 100. Mutane suka ga abin da suka tara yana raguwa a takarda. Zinariya kuwa ta yi ta hawa, har a watan Oktoba na 2025 oza ɗaya ta haura dala 4,000. Ga Bahaushe kuma ƙasa ita ce dukiyar da ido ke gani. Wasu ƴan uwanmu ma gudun kuɗin ruwa ne ke sa su nemi wannan hanya, don su san ainihin abin da aka saya da guminsu.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Duk abin da aka saya da kuɗin asusun, na asusun ne, ba na mai asusun ba tukuna. Sunan asusun ake rubutawa a takardar mallaka, kuma dole a samu kamfanin ajiya da hukumar haraji ta IRS ta amince da shi ya riƙe amanar. Dokar ta lissafa mutanen da ba su da ikon amfana da kayan ko yin ciniki da asusun: mai asusun da kansa, matarsa ko mijinta, uwa da uba da kakanni, ƴaƴa da jikoki, da matan ƴaƴa ko mazajensu.

Ma'anar wannan a aikace ita ce, in an sayi gida a Maraɗi ko Damagaram da kuɗin, mahaifi ba zai zauna ciki ba ko da zai biya haya. Mai asusun in ya zo hutu ba zai sauka a ciki ba. Ba zai sayar wa asusun filin da ya riga ya mallaka ba, ba kuma zai sayi gonar mahaifinsa da kuɗin ba. In katanga ta faɗi da damina, daga asusun za a biya magini, ba daga aljihunsa ba. Kuɗin haya kuma asusun za su koma, ba za a sayi hatsi ko ragon layya da su ba. Wa da ƙane da ƴar'uwa ba sa cikin jerin da dokar ta ambata, amma in cinikin da aka yi da su ya zagayo ya amfani mai asusun ko iyayensa, an taka dokar.

Hukuncin kuwa ba ƙarami ba ne. A ce mutum ɗan shekara 45 yana da dala 40,000 a asusun, ya sayi gida na dala 25,000 ya sa mahaifinsa a ciki. Hukumar haraji za ta ɗauka cewa asusun ya rushe tun ranar 1 ga Janairu ta wannan shekara, kamar ya kwashe dala 40,000 ɗin gaba ɗaya. Zai biya harajin shiga a kan dukkansu, ga kuma tarar dala 4,000. Alherin da ya yi niyya ya cinye masa babban kaso na ajiyar tsufansa.

Zinariya ma da nata sharaɗin. Sarƙa da ƴan kunne da awarwaro ba su shiga ba, haka ɗanyen zinaren da ake haƙowa a Jado. Abin da aka yarda da shi shi ne sandar zinariya mai tsabtar da ta kai kashi 99.5 cikin 100, da wasu tsabobi da doka ta ambata, kuma a hannun kamfanin ajiya za su zauna. A 2021 kotun haraji ta Amurka ta yanke hukunci kan wata mata da ta ajiye tsabobin zinariyar asusunta a cikin gidanta, aka lissafa su a matsayin kuɗin da ta ɗiba, ta biya haraji a kansu.

Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba. Kamfanin ajiyar ba ya binciken ko abin da ka saya na gaske ne. Aikinsa riƙe takardu da kai rahoto. Hukumar SEC mai sa ido kan kasuwar jari ta sha gargaɗin cewa ƴan damfara suna fakewa da irin wannan asusu, suna nuna sunan kamfanin ajiya kamar shi ne ya tabbatar da harkar. Mu kuma a nan mun san yadda fili ɗaya ke fitowa da takardu biyu, ko a sayar da gonar gado ba da sanin sauran magada ba. Wanda ke New York ba zai ga wannan ta wayar salula ba. Kuma ba kowane kamfanin ajiya ke karɓar kadarar da ke wajen Amurka ba, waɗanda ke karɓa ma suna cajin kuɗin hidima duk shekara, suna kuma neman a ƙiyasta darajar kadarar duk shekara.

Sai batun fita. Hannun jari ana sayar da shi a yini ɗaya, fili kuwa sai ya yi watanni yana jiran mai saye. A asusun IRA na asali, da mutum ya kai shekara 73 dole ya fara cire wani kaso duk shekara. In duk kuɗin suna kwance a fili a bayan gari, daga ina zai cire? Ga kuma canji: sefa da yuro take ɗaure, ba da dala ba, don haka fili na iya tashi a sefa amma in an juya zuwa dala a tarar ribar ta ragu.

To mene ne abin yi? Ga ƴan uwanmu na can, a fara raba niyya biyu. In gidan da iyaye za su zauna ake so, ko inda za ka sauka in ka dawo, a gina shi da kuɗin aljihu, ko da sannu a hankali ne. In kuwa jari ne tsantsa wanda baƙo zai yi haya, to wannan asusu na iya yi, amma kar a zuba duk abin da aka tara a wuri ɗaya, kuma kafin a sa hannu a zauna da masanin haraji mai lasisi wanda ba shi ne ke sayar da kayan ba. A nan gida kuma a tabbatar da takardun fili a ofishin magajin gari, na gona kuma a wurin hukumar Cofo. Duk wanda ya yi maka alƙawarin riba mai yawa ba faɗuwa, ya kuma ce ka yi sauri, ka tuna kwaɗayi mabuɗin wahala ne.

Ga iyayenmu da ƴan uwa na gida, in ɗanku ya ce yana da kuɗi a asusu amma ba zai iya taɓa su ba, ba rowa ba ce kuma ba ƙarya yake ba. Doka ce ta ɗaure su har sai ya manyanta. Waɗannan kuɗin su ne za su riƙe shi ranar da ƙarfi ya ƙare, kuma in an bar su suka kai lokacinsu, zai cire su ba tara, ya biya abin da ke kansa na haraji, ya yi hidimar gida da su yadda ya so. Allah ya ba mu wucewa lafiya, ya kuma albarkaci neman kowa.