Mai Duba Katin Faifai

An san Ingall da dabino da taron makiyaya na Cure Salée, ba da manyan kwamfutoci ba. Amma duk kuɗin da ɗan Ingall ya aika ta waya, lissafinsa yana kwance ne cikin wata babbar kwamfuta a nesa, wato uwar garke, kuma akwai mai sana'ar da ke kula da ita.

A cikin uwar garke akwai wani kati da ke haɗa faifan ajiya da yawa su yi aiki tare. Tsarin ana kiransa RAID, kuma masana uku na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley ne suka yaɗa sunan a 1988. Tsarin iri-iri ne: a RAID 1 faifai biyu ne ke ɗauke da abu guda. RAID 5 yana buƙatar aƙalla uku, yana jure mutuwar ɗaya, RAID 6 kuma yana jure mutuwar biyu. Zaɓar wanda ya dace da aljihun mai kaya shi ne aikin farko na ma'aikacin.

Kayan aikinsa yawanci na hannu ne, katin PERC na Dell ko Smart Array na HP, ana sayo su daga kasuwannin kwamfuta na Kano ko Ikeja a Legas. Kafin su iso hannunsa a Agadez kuɗin mota da canji sun hau kansu, kuma ba kowane kati ne ke isowa da rai ba. Asarar a wuyansa take.

Inda gwaninta take shi ne ranar da fitilar gargaɗi ta kama. Gwani ba ya saurin zare faifai. Sai ya karanta bayanan da katin ya rubuta tukuna: faifan ne ya mutu, waya ce ta saki, ko batirin katin ne ya gaji? Idan batirin ne, katin yakan daina riƙe bayanai a ƙwaƙwalwarsa, na'ura ta yi nauyi, mai ofis ya ɗauka ta tsufa. Wani lokaci kati yakan ce bai gane tsarin faifan ba, ya ba da zaɓi biyu: a karɓi tsarin ko a share shi. A ganina nan ne ya cancanci ladarsa, domin kuskure ɗaya kan iya tafiya da lissafin shekaru.

Idan ya sa sabon faifai, sai zaman jira na sa'o'i, wani lokaci har a kwana, yana fatan kada wuta ta ɗauke. Ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka, ga zafin bazara da ke wuce digiri 40 yana cinye batir.

Abin da yake samu ya dogara da kira da kwangilar kulawa, wani watan da yawa, wani watan babu. Masu ofisoshi, ku riƙa kiransa tun fitila ta farko, kuma ku ajiye kwafin bayananku a wani wuri dabam.