Ƙaddamar Da Littafin Gajerun Labarai A Birnin Kano: Wahalar Da Ke Bayan Biki

Duk wanda ya halarci bikin ƙaddamar da littafi a Kano ya san yadda akan tsara shi. Akwai uban taro, da babban mai ƙaddamarwa, da malamin jami'a wanda zai yi sharhi. Abin da jama'a ba su cika gani ba shi ne bashin da ke wuyan marubucin, musamman idan littafin na gajerun labarai ne.

A zamanin da Alhaji Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce, wanda aka fara bugawa a Zariya a 1937, marubuci bai san wannan ɗawainiya ba. Hukumar Talifi ce ta buga, makarantu kuma suka saya. Daga baya Kamfanin NNPC na Zariya, wanda aka kafa a 1966, ya ɗauki wannan aiki. Shi ne ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980.

Amma sa'ad da tattalin arzikin ƙasa ya shiga matsi, musamman bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka ja da baya daga buga littattafan hira. Sai matasan Kano suka ɗauki nauyin kansu. Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Budurwar Zuciya a 1987, Ado Ahmad Gidan Dabino kuma ya fito da In Da So Da Ƙauna a 1991, suka haɗu da wasu a ƙungiyar Raina Kama. Tun daga lokacin marubuci ya zama shi ne mai biyan maɗaba'a, shi ne mai kai wa dillalai, shi ne kuma mai bin bashi.

A nan ne mai gajerun labarai ya fi kowa shan wuya. Dillali a Kasuwar Kurmi ko Sabon Gari ya fi son dogon labarin soyayya mai kashi biyu ko uku, domin wanda ya sayi na ɗaya dole ya komo neman na biyu. Gajeren labari kuwa yana ƙarewa a zama ɗaya, ba ya jawo mai saye ya dawo. Saboda haka bikin ƙaddamarwa ne kaɗai marubuci ke sa rai zai mai da kuɗinsa.

To, a wurin bikin akan ji attajirai da 'yan siyasa suna sayen kwafi ɗaya da kuɗi masu yawa, ana tafi. Sau da yawa alkawari ne kawai. Bayan an watse, marubuci ya shiga zarya daga ofis zuwa ofis, mai maɗaba'a kuma yana jiransa.

Duk da haka gajeren labari bai mutu ba. Gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin mata ta nuna akwai marubuta da masu sauraro da yawa, wasu kuma sun koma sakin labaransu ta wayar hannu.

Abin da ya rage shi ne a mai da ƙaddamarwa kan asalinta, watau gabatar da littafi ga masu karatu. Idan Ma'aikatar Ilmi da hukumar ɗakunan karatu za su riƙa sayen kwafe suna rarraba wa makarantu, ɗalibai za su sami abin karantawa, marubuci kuma ya huta da roƙo. Wanda ya yi alkawari a bainar jama'a kuwa, ya tuna cewa alkawari kaya ne.