Dusar Ƙanƙara Da Kewar Gida A Birnin Landan

Ranar 2 ga watan Fabrairun 2009, dusar ƙanƙara ta tsayar da motocin safa na birnin Landan baki ɗaya, aka kuma rufe dubban makarantu a Birtaniya. Ma'aikata sun koka, amma a gidaje irin namu ranar ta zama tamkar sallah.

Sai an yi irin wannan sanyi iyali kan taru a ɗaki guda, a dama kunun tsamiya, kamar yadda mukan kewaye wutar kaka da hunturu muna sauraren tatsuniya. Shi ya sa nake ƙaunar dusar, duk da santsin hanya.

Sai dai 'ya'yanmu haifaffun nan, jifa da curin ƙanƙara za su riƙa tunawa. Hazo da kaushin hunturu kuwa, a bakinmu kawai suke jin labarinsu.