Tsoffin Rajistocin Asibiti: Me Za a Ɗora a Intanet, Me Za a Rufe?

Daga 1969 zuwa 1976, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun yi wani gagarumin bincike kan zazzaɓin cizon sauro a ƙasar Garki, gabas da Ɗanbatta, tun tana cikin Jihar Kano, kafin a yanke Jigawa a 1991. An fesa maganin sauro a ɗakunan ƙauyuka 164, a wasu kuma aka haɗa da raba wa kowa ƙwayoyin magani. A ƙauyukan da aka ware don bibiya, irin su Sugungum da Matsari da Rafin Marke, duk bayan mako goma ma'aikata kan zo su soki yatsa su ɗebi ɗigon jini, na jinjiri da na tsoho, su rubuta wanda aka haifa da wanda ya rasu da wanda ya bar gari. Masana biyu, Molineaux da Gramiccia, sun tattara sakamakon a littafin da hukumar ta buga a 1980: feshi da magani sun rage cutar ƙwarai, amma ba su tsayar da yaɗuwarta ba, da aka daina kuma ta dawo.

Daga baya an ɗora alƙaluman binciken a intanet ta hannun Jami'ar Notre Dame da ke Amurka. Har yau masana a Ingila da Suwizalan da Amurka, idan suka gina lissafin kwamfuta mai hasashen yadda zazzaɓi ke yaɗuwa, da jinin manoman Garki suke auna shi su ga ko ya yi daidai. Wannan alheri ne da ya kai ga yaran ƙasashen da mutanen Sugungum ba su taɓa jin sunansu ba. Sai dai babu ma'aikacin da ya gaya wa wata uwa a 1971 cewa wata rana za a baje sakamakon jinin ɗanta inda duk duniya za ta gani, domin shi kansa bai san hakan zai yiwu ba. Abin da ya sa ba a ji ƙorafi ba shi ne masu binciken da lamba da shekaru da sunan ƙauye suke aiki, kuma zazzaɓi ba abin kunya ba ne. Ba a taɓa fasa aure don kakan yarinya ya yi masassara ba.

Sauran takardun ba haka suke ba. Kowane tsohon asibiti, har da Babban Asibitin Ɗanbatta da ƙananan asibitocin da suka gaji disfensarorin En'e, yana da ɗakin kati da manyan rajistoci, inda malamin asibiti ya rubuta sunan majinyaci, sunan mahaifinsa, garinsu da abin da ke damunsa. Rahotannin likitocin zamanin Turawa na Lardin Kano suna Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, wasu takardun En'e kuma suna hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano. Tun 2004 Laburaren Birtaniya ke gudanar da shirin ceto tsoffin takardun da ke neman lalacewa, kuma tuni ya ɗauki hoton takardu daga Kano da Kaduna ya ɗora su inda kowa zai karanta kyauta. Ba dogon lokaci ya rage ba kafin a zo kan takardun asibiti.

A ɗauki kuturta, domin a nan lamarin ya fi nauyi. A 1937 mishan ɗin SIM ya karɓi ragamar zaman kutare na lardunan Kano da Katsina da Sakkwato, wato Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa. Da maganin dapsone ya samu, a shekarun 1950 aka baza wuraren karɓar ƙwaya a karkarar Arewa, mutum ya zo daga ƙauyensu ya karɓa ya koma, kuma kowane wuri da rajistarsa. Ga kuma hotunan majinyata da 'yan mishan suka riƙa ɗauka suna aikawa gida don neman taimako, fuska a buɗe, hannu a miƙe don a ga yatsun. Masaniyar tarihi Shobana Shankar ta yi amfani da takardun mishan da na gwamnati wajen rubuta littafinta na 2014 kan mishan a ƙasar Musulmin Arewa, kuma ba don an adana su ba da wannan babi na tarihinmu ya ɓace.

Ilimin likita ya daɗe da tabbatar da cewa kuturta ba gadonta ake yi ba. Ƙwayar cuta ce ke kawo ta, wadda Gerhard Hansen ya gano a Norway a 1873. Jikin yawancin mutane yana iya kare kansa daga gare ta, kuma haɗin magungunan da aka fara a 1981 yana warkar da ita, kyauta ake bayar da shi tun 1995. Duk da haka, wanda ya taɓa zama a inda ake binciken asali kafin ɗaurin aure ya san tambayoyin da ake yi a ɓoye: akwai kuturta a gidan? Akwai taɓin hankali? Akwai farfaɗiya? Dattawan da ake tambaya sukan san amsar, amma sukan auna kafin su faɗa, sau da yawa ma su rufa asiri saboda abin ya wuce. Shafin intanet ba ya aunawa. Jikar da ba ta taɓa ganin kakanta ba, ba ta ma san ya zauna a Yadakunya ba, tana iya rasa miji ko ta sha gorin kishiya saboda layi ɗaya da wani malamin asibiti ya rubuta a 1955.

Wasu za su ce ai takardun a buɗe suke tun da, duk mai so yana iya zuwa Kaduna ya karanta. Gaskiya ne, amma sai ya biya kuɗin mota, ya nemi izini, ya zauna kwanaki yana buɗe fayil bayan fayil cikin rubutun hannun da ba kowa ke iya karantawa ba. Wannan wahalar ita ta riƙa tsare asirin mutane ba tare da an shirya hakan ba. Yanzu kwamfuta na iya karanta rubutun hannu ta mai da shi abin nema, sai mutum ya buga sunan gida da na ƙauye a wayarsa yana zaune a kasuwar Lahadi. Kuma magana zarar bunu ce: ko an sauke shafin gobe, wani ya riga ya ɗauki hotonsa ya tura WhatsApp.

Maganin da aka fi ambata shi ne a goge sunaye. Yana taimakawa, amma bai isa ba. A 1997 Latanya Sweeney, tana ɗaliba a lokacin, ta ɗauki bayanan asibiti na ma'aikatan Jihar Massachusetts waɗanda aka cire wa sunaye, ta haɗa su da rajistar masu zaɓe, ta zaro fayil ɗin gwamnan jihar kansa, William Weld. Daga baya ta nuna cewa ranar haihuwa da jinsi da lambar unguwa kaɗai sun isa a gane kimanin kashi 87 cikin ɗari na Amurkawa. To ina ga ƙauyen da ke da liman ɗaya, sarkin fawa ɗaya, wanzami ɗaya? Idan rajista ta ce matar mai unguwa ce ta gari kaza, a shekara kaza, an gama faɗin sunanta. A ƙasa irin tamu, inda gida ke jikin gida, gona ke jikin gona, kuma zuri'a ke zaune inda kakanninta suka zauna, sai an ɓoye ƙauye da sana'a da sarauta tare da sunan.

Ɗaya maganin shi ne a jira shekaru su wuce. Dokar Amurka tana kare bayanan lafiyar mutum har shekara 50 bayan rasuwarsa. A Ingila an saba rufe fayil ɗin majinyaci shekara 100, kuma da Laburaren Wellcome ya fara ɗora takardun tsoffin asibitocin masu taɓin hankali a 2014, tsoffin ya buɗe, ya bar na baya-bayan nan a rufe. Wannan ƙa'ida ta ginu ne a kan cewa sirri na mutum ɗaya ne, idan ya mutu ya daɗe sai ya tafi da shi. Mu kuwa asali ba ya tsufa. Ko a can ma an ga iyakar ƙa'idar. Wata Ba'amurkiya mai suna Henrietta Lacks ta rasu a 1951, amma da masu bincike a Jamus suka wallafa taswirar ƙwayoyin halittarta a 2013, jikokinta suka ce asirin jikinsu aka tona, aka janye bayanan, sannan aka yi yarjejeniyar da ta sa 'yan gidan cikin kwamitin da ke ba da izinin dubawa. A Japan kuma, a 2019, kotu a Kumamoto ta umarci gwamnati ta biya diyya ga iyalan masu kuturta, ba majinyatan kaɗai ba, saboda ƙyamar da aka nuna musu.

Kada wannan ya sa a ce a kulle komai a jefar da makulli. Mu a Kano mun ga abin da rashin takarda a hannun talaka ke jawowa. A annobar sanƙarau ta 1996, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Asibitin Zana da yara 200, 11 daga cikinsu suka rasu. Iyaye sun ce ba a sanar da su gwaji ake yi ba, kamfanin ya ce an nemi yardarsu da baki. Da aka yi sulhu da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75, waɗanda suka fito neman diyya sun ninka adadin yaran, sai da aka koma gwajin ƙwayar halitta don tantancewa, kuma sai a 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi kuɗi. Da akwai cikakkiyar rajista a hannun wata hukuma mai amana, wadda uba zai je ya ce a duba masa sunan ɗansa, da an rage wa bayin Allah shekarun jira.

Ilimi ma da takarda yake tafiya. Norway ta buɗe rajistar masu kuturta ta ƙasa a 1856, kuma alƙalumanta sun taimaka wajen nuna cewa ɗaukar cutar ake yi, ba gado ba. Wato rajista mai sunaye ce ta taimaka aka wanke zuri'ar majinyata daga zargin da har yau ake musu a nan. A Kalaupapa ta tsibiran Hawaii, inda aka killace masu kuturta kusan 8,000 daga 1866 zuwa 1969, jikokin ne da kansu suka nemi a rubuta sunayen kakanninsu a jikin dutse, aka yi doka a kan haka a 2009. Sun ga cewa ɓoye sunan ci gaba ne da korar da aka yi musu. Bambancin shi ne su suka zaɓa. Akwai gidaje a ƙasar nan da ke son sanin inda aka binne wani nasu da ya tafi neman magani bai dawo ba, kuma sun fi kowane mai bincike haƙƙin ganin shafin.

Dokokinmu sun ɗan taɓo lamarin. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce bayanin majinyaci sirri ne. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ware bayanan da suka shafi rayuwar mutum. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa halin lafiya cikin bayanai masu buƙatar tsaro na musamman, sai dai hankalinta yana kan masu rai. Wadda ta fi kusa da damuwarmu ita ce Dokar Ma'ajiyar Tarihi ta 1992: ta buɗe takardun gwamnati bayan shekara 25, amma ta ce waɗanda suka shafi rayuwar mutum ta sirri sai da izininsa ko na magadansa, idan an san su. Jami'in da ke Kaduna ko Abuja ba zai san magadan wani manomin Ɗanbatta ba. A nan kuwa an san su, tunda da su ake rabon gado a gaban alƙali.

A ganina, rahotannin shekara-shekara, alƙaluman annoba, wasiƙun likitoci da Razdan kan gina asibiti da kuɗin magani, duk a ɗora su kowa ya karanta, a kuma fassara muhimmansu zuwa Hausa, don bai kamata ɗalibi a Landan ya fi ɗalibar makarantar ungozoma ta Ɗanbatta sanin tarihin cutukan ƙasarta ba. Rajistoci masu sunaye da hotunan fuska kuwa su zauna a ma'ajiya mai makulli a Kano. Mai bincike ya nemi izini daga kwamitin ɗa'ar bincike irin na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ya sa hannu cewa ba zai fitar da abin da zai sa a gane mutum ba. Magaji ya ga shafin nasa kaɗai. Dagaci ko mai unguwa zai iya shaida cewa wane jikan wane ne, amma ba aikinsa ba ne ya ga abin da ke cikin fayil ɗin. Takardun mata, na haihuwa da ɓari da yoyon fitsari, su suka fi buƙatar taka-tsantsan: matuƙar mace tana da rai, yardarta ake nema, ba ta miji ko ta wa ba, kuma dole a sami mata a cikin masu yanke hukunci.

Akwai gaggawa a gefe ɗaya, domin gara da ɗigar damina ba sa jiran kwamiti, kuma duk asibitin da ya koma aiki da kwamfuta yakan fara kallon ɗakin kati a matsayin wurin da ake buƙata don wani abin. Saboda haka a ɗauki hoton duk abin da ya rage tun yanzu. Amma ɗaukar hoto daban, bazawa a intanet daban, ko da yake masu ba da tallafi daga waje sukan ɗaure su tare, kamar shirin Laburaren Birtaniya da ya ginu a kan buɗe wa kowa abin da aka ɗauka. Duk hukumar da za ta sa hannu a irin wannan yarjejeniya, ta tabbata an rubuta a ciki, kafin kyamara ta shiga ɗakin, cewa rajistar majinyata tana da nata sharaɗi, cikakken kwafi zai zauna a Kano, kuma iyalin da ya nemi a sauke shafin da ya shafe shi za a sauke masa.