Kafin ka ƙara wa furosesa gudu a zafin Zariya

Idan za ka haɗa kwamfutar tebur a Kongo, fara tantance buƙatarka: wasa ko aiki? Wasanni sun fi son furosesa mai saurin gudu, tace bidiyo kuwa sai mai ƙwaƙwale da yawa.

Ba kowace ake ƙara wa gudu ba. A Intel, sai mai harafin K bisa madabod ɗin Z. Yawancin Ryzen na AMD kuwa a buɗe suke.

Amma fa ƙarin boltej na kashi 10 kan jawo ƙarin zafi na kusan kashi 21. Da ta kai digiri 95 zuwa 100, da kanta za ta rage gudu. Ga zafin Afrilu, ga ƙurar hunturu mai toshe fanka. Don haka fara sayen fanka mai kyau da UPS tukuna.