Taro Yashima: Mai Zanen da Ya Ɓoye Sunansa

Me zai sa mutum ya ajiye sunan da iyayensa suka raɗa masa ya ɗauki wani? Rayuwar Taro Yashima za ta ba mai karatu amsa.

An haife shi a lardin Kagoshima na ƙasar Japan a shekarar 1908, kuma sunansa na asali Atsushi Iwamatsu. Ya koyi zane a Tokyo. Shi da matarsa, wadda ita ma mai zane ce, sun sha ɗauri saboda adawa da sojojin da suka kankane siyasar ƙasar. A 1939 suka yi ƙaura zuwa Amurka, suka bar ƙaramin ɗansu a hannun kakanninsa.

Bayan yaƙi ya ɓarke tsakanin ƙasashen biyu a 1941, ya shiga yi wa gwamnatin Amurka aikin zane. Gudun kada hukumomin Japan su huce haushi a kan ɗansa da danginsa ya sa ya sauya suna. Da sabon sunan ya wallafa The New Sun a 1943, inda ya bayyana azabar kurkuku cikin zane da taƙaitattun kalmomi. Ɗan nasu bai riske su ba sai a 1949.

Daga bisani ya juya ga littattafan yara. A Crow Boy na 1955, ya kawo labarin wani ɗalibi da ake yi wa ba'a, har wani sabon malami ya gano gwanintarsa ta kwaikwayon kukan hankaki. Wannan darasi ne ga malamai, domin yaron da ya yi shiru a bayan aji ba lalle ne daƙiƙi ba ne.

Yashima ya rasu a 1994.