Frankfurt: Al'adun Garin da Kasuwa ta Raina

Matafiya da yawa ba su san komai game da Frankfurt ba sai filin jirginta, wanda ya fi kowane girma a Jamus, inda ake sauya jirgi a wuce. Wanda ya daure ya shiga gari, tafiyar kusan minti 15 a jirgin ƙasa, dogayen benaye na gilashi ne za su fara cika masa ido: hasumiyar Commerzbank mai tsawon mita 259, da ginin Babban Bankin Turai da ke kula da kuɗin Yuro a bakin kogin Main. Amma mutanen garin, su fiye da 750,000, rayuwarsu a gindin benayen take, kuma yawancin al'adunsu sun girmi bankunan nesa ba kusa ba.

Kasuwa ce mafarin garin. Tun a 1240 Sarki Frederick na Biyu ya ba fataken da ke zuwa cin kasuwar kaka a Frankfurt takardar kariya. A 1585 'yan kasuwar suka gaji da rigimar canji, suka zauna suka tsayar da farashin kuɗaɗen da ake kawowa daga ƙasashe daban-daban, daga nan kasuwar hannun jarin garin ta samo tushe. Har yau baje koli sana'ar gari ce, kuma na littattafai da ake yi duk watan Oktoba shi ne mafi girma a duniya. Garin da ya shafe ƙarnuka yana saukar baƙi ya saba da zama kusa da wanda bai sani ba.

Inda aka fi ganin haka shi ne unguwar Sachsenhausen, a tsallaken kogi. Tsofaffin gidajen cin abinci na can dogayen tebura da bencina suke jerawa. Baƙo ya tambaya ko akwai wuri, a matsa masa, ya zauna kafaɗa da kafaɗa da ma'aikacin banki ko ɗalibi ko dattijon unguwa. Gaisuwar gajeriya ce, "Gude", safe da yamma. Abin shan da gidajen suka shahara da shi, Ebbelwoi, giya ce ta tuffa, ana kawo ta a tulun yumɓu mai ruwan toka da zanen shuɗi, wanda suke kira Bembel, a zuba a kofin gilashi mai zane tudu-tudu. An ce zanen ya samo asali ne tun zamanin da ake cin abinci da hannu, don kada kofi ya suɓuce wa mai maiƙo a yatsu. Wanda ba ya shan giya ba ya rasa abin sha: akwai ruwan tuffa da aka gauraya da ruwan soda, a kaka kuma akwai sabon matsi mai zaƙi da bai fara tsami ba. In an gama, mai hidima zai tambaya ko kuɗin haɗe za a biya ko kowa nasa, kuma babu kunya a ce kowa nasa.

Abincin da garin ke taƙama da shi shi ne Grüne Soße, koriyar miya da ake ci da sanyinta. Ganye bakwai ake yankawa ƙanana, babu ƙari babu ragi, a kwaɓa da madara mai tsami, a ci da dafaffen ƙwai da dankalin Turawa. A kasuwa ana sayar da ganyen a naɗe cikin farar takarda, kuma bisa al'ada ana buɗe lokacinta ranar Alhamis ɗin da Ista ke biye da ita. Manoman lambu na unguwar Oberrad ne ke noma yawancin ganyen. A can aka gina wa miyar abin tunawa a 2007, ƙananan ɗakunan gilashi bakwai, kowane ganye da nasa, a 2016 kuma Tarayyar Turai ta ba sunanta kariyar doka. Akwai kuma Handkäs, wani cuku mai wari da ake jiƙawa da albasa da mai da ruwan tsami. 'Yan gargajiya wuƙa da burodi kawai suke sa masa, ɗaukar cokali mai yatsu kuwa alamar baƙunta ce.

Batun nama yana buƙatar lura. Siririn tsiran da ke ɗauke da sunan garin na alade ne. Na naman sa, Rindswurst, wani gidan mahauta mai suna Gref-Völsing da aka kafa a 1894 ne ya shahara da shi, kuma an fara yin sa ne da Yahudawan garin a zuciya. Mai neman yankan Musulmi sai ya nufi titin Münchener Straße kusa da babbar tashar jirgin ƙasa, inda shagunan Turkawa da Larabawa da mutanen Asiya suka yi layi, da masallatai a lungunan gidaje.

A unguwanni akwai ƙananan shaguna da ake kira Wasserhäuschen. A ƙarni na 19 aka fara su don sayar wa leburori tsaftataccen ruwan kwalba, yanzu kuma jarida da alewa da kofi da sauran tarkace ake samu. Ɗaruruwa sun rage, kuma aikinsu ya yi kama da na teburin mai shayi: a tsaya da yamma a tattauna ƙwallo da tsadar haya.

Bukukuwa ma kowanne da lokacinsa. Ranar Talatar da ke bin idin Fentikos ita ce Wäldchestag, ranar da mutanen gari ke ɗunguma zuwa dajin birni su ci su sha a ƙarƙashin itatuwa. Har zuwa shekarun 1990 ofisoshi da shaguna kan rufe tun da rana saboda ita. A ƙarshen Agusta ana bikin gidajen tarihi da ke jere a gaɓar kogi. Kasuwar Kirsimeti kuwa, wadda aka fara ambatonta a rubuce a 1393, tana cika dandalin Römerberg, inda ake sayar da Bethmännchen, alewar almon mai ɗauke da sunan wani gidan masu banki.

Akwai ƙa'idojin yau da kullum da baƙo zai kiyaye. Ranar Lahadi yawancin shaguna a rufe suke, ban da irin na tashar jirgin ƙasa da filin jirgi. Tashoshin jiragen cikin gari ba su da ƙofar tantancewa, amma wanda aka kama babu tikiti zai biya tarar Yuro 60. Ba a jefar da robar ruwa, domin akwai ajiyar santi 25 a kanta, sai an mayar da ita shago a karɓa. Mai tafiya a ƙasa kan jira koriyar fitila ko titi babu mota, musamman in akwai yara a wurin.

Ranar farin ciki kuwa gaban Römer ake taruwa, gidan hukumar birni tun 1405. Daga barandarsa 'yan wasan Eintracht Frankfurt suka ɗaga wa dubban magoya baya kofin Europa a 2022. Baƙon da ya ce daga Najeriya ko Ghana yake, da wuya hira ta yi nisa ba a ambaci tsofaffin 'yan wasan ƙungiyar, Jay-Jay Okocha da Tony Yeboah, ba. Yeboah ya zama kan gaba a cin ƙwallaye a Bundesliga a 1993 da 1994, Okocha kuma a 1993 ya yi ta yanke 'yan bayan Karlsruhe da golansu Oliver Kahn kafin ya jefa ƙwallon da aka zaɓa a matsayin mafi kyau a Jamus a waccan shekarar.